Dangar da Ta Yi Saiwa

Ban daɗe da sauka a Sabo, unguwar Hausawa ta garin Badun a ƙasar Yarbawa, ba mai ɗakina ta fara kiwon kaji. A lokacin rabin unguwar ciyawa ce, ni kuma dakon goro nake yi daga tashar jirgi zuwa masaukin fatake. Bayan ɗakinmu akwai ɗan fili tsakaninmu da maƙwabci, wanda aka nuna mini da baki ranar da aka ba ni wurin zama. Nan kajin ke kiwo, nan kuma muzuru ke ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya cinye mata wata wake-wake mai kwanci, ta ce ko in yi danga ko in daina tambayar ƙwai.

A garinmu danga ba abin damuwa ba ce. Ka jira a girbe dawa, ka kwaso kara, shi ke nan. A Badun kuwa na yi ta raba ido ban ga karan dawa ko ɗaya ba. Na je kantin Turawa na ga waya mai raga, da aka faɗa mini kuɗinta sai na ajiye ta na fito ba sallama. Na jera tsofaffin kwandunan goro, ruwa uku suka ruɓe. Na saro gora na kakkafa, gara ta cinye gindinta kafin damina ta raba.

Maƙwabcin nan ɗan garinmu ne. Ya girme ni, ya riga ni zuwa kudu da shekaru masu yawa, Yarabanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibi. Yaya nake ce masa. Shi ya sama mini dakon, kuma a kwano ɗaya muke cin tuwo. Da ya ga ina tsince gorar da ta zube, sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, wahalar banza kake. Ƙasar nan ba a kafa mata busasshen abu. Bari in kawo maka na 'yan gari."

Ran Juma'a da hantsi sai ga shi da damin wani ɗanyen itace mai dogon ganye, wanda Yarbawa ke kira peregun. Ya ce ana kafa shi yake kamawa. Na ɗauko dagi zan fara haƙa, ya karɓe daga hannuna.

"Kafaɗarka ta sha kaya duk mako. Zauna ka huta."

Na zauna kuwa. Ya faro daga kusurwar ɗakinsa, ya zagaye filin kaf, har ya biyo ta bayan ɗakina. Ko anini bai karɓa ba. Da ya gama ni na zuba masa ruwa ya wanke hannu, ina ta sa masa albarka.

Damina biyu dangar ta yi saiwa ta haɗe, ko ɗan tsako ba ya iya ratsawa. Kaji suka yi yawa. Ni kuma bakina bai rufu ba. A ƙofar masallaci, a tasha, duk wanda ya yaba sai in ce, "Ai Yaya ne ya dasa, da hannunsa." Kowace sallah mai ɗakina sai ta zaɓi zakara mafi girma ta aika masa.

Sai cinikin goro ya bunƙasa, Yaya ya fara saukar baƙi, ɗakuna suka yi masa kaɗan. Wata rana na dawo daga tasha na tarar da maginan Yaya suna jan igiyar awo a tsakiyar kajina. Raina ya ɓaci, na kai ƙara wurin dattawan unguwa, ina ganin maganar ba ta wuce zama ɗaya ba.

Suka zo tare da wani tsoho Bayarabe wanda danginsa ke noman wurin tun kafin a ba mu. Ya shafa ganyen, ya yi magana, aka fassara. Ya ce a ƙasarsu iyaka ake sawa da peregun, kuma wanda ya dasa shi ke da abin da ya kewaye. Tambaya ɗaya ya yi: wa ya dasa?

Na dubi Yaya, shi kuma yana duban yatsun ƙafarsa. Kafin in buɗe baki wani dattijo ya ce, "Ai kai da bakinka ka faɗa mana, ba sau ɗaya ba."

Mai ɗakina ta sayar da kajin a mako guda, ba ta ƙara kiwo ba har muka bar Badun. Filin bai ci mini rai kamar tuwon da muka ci tare ba. Sau ɗaya na tare shi a hanya na ce, "Yaya, ranar da ka karɓi dagi a hannuna, ka sani?"

Ya gyara hularsa ya ce, "Ƙanena, da ka tambaya ai da an faɗa maka."

Ya tumɓuke gefe uku ya yi gininsa. Gefen da ya bi bayan ɗakina kaɗai ya bari, taku ɗaya daga bangona, kullum da safe a gindinsa nake alwala.