Tabon Saloma da Taɓaryarta

Akwai wata mata a Rikoto, sunanta Saloma, amma kowa Maman Gabriel yake ce mata. Gidanta na bayan majami'a, inda hanya ke hawa tudu. Mijinta soja ne, ya rasu tun ɗiyansu na ƙanana, Allah shi ji ƙanshi. Da daka ta rene su. Surfe take yi wa mutane, kuma duk gidan da anka yi biki ko rasuwa, taɓaryarta ke fara isa. Taɓaryar ƙirya ce, baƙa, tsakiyarta ta yi sumul don riƙo.

Abin da ya dame ta tun haihuwar autanta, nonuwanta ne. Sunka yi girma, sunka ƙi komawa. Ba girman ado ba. Igiyar rigar nono ta yi mata kwari a kafaɗu, baya na ciwo, ƙarƙashinsu kuma in zafi ya zo sai wurin shi saɓule shi yi ta ruwa. Mata na yi mata ba'a wurin daka. Leah, wadda ake ce wa Maman Sandra, abokiyar turminta tun suna amare, takan ce, "Maman Gabriel, ja kayanki baya, kar mu haɗa su da dawa." Saloma ta yi dariya tare da su. In ta koma gida ta kwanta rigingine numfashi ya gagare ta, wannan ba mai gani.

Da Gabriel ya girma ya shiga soja kamar ubanshi, ya zo hutu ya tarar uwar sai ta dafa bango take tashi. Ya ɗauke ta zuwa wani babban asibiti a Sakkwato. Likita ya duba ya ce ana iya ragewa. Saloma ta yi addu'a, ta yarda, amma ta kama hannun ɗanta ta ce, "Kar mutum ɗaya na Rikoto shi ji."

"Mama, ai ba sata kika yi ba."

"Kai namiji ne, ba ka zama cikin zumuntar matan majami'a. Rabinsu za su ce na gyara wa Allah aiki. Rabi su ce ciwon daji ne, su fara gaishe ni awa wadda ke bakin kabari."

Anka yi aikin, Ubangiji ya tashe ta lafiya. Ɗinkin ya zagaye kan nonon, ya sauko, ya bi ƙarƙashi. Likita ya ja mata kunne: kar ta ɗaga hannu sama, kar ta ɗauki kaya, kar ta jiƙa wurin, daka kuwa ta manta da shi sai ya ce. Gabriel ya maido ta gida, hutunshi ya ƙare, ya koma bakin aiki.

To, ga abin da ta yi. Duk sa'ad da za ta fita, sai ta naɗe tsummoki ta cusa cikin riga, ta ɗaura zane can sama, don kar a ga ta canza. Wanda ya tambaya, ta ce ta je ganin ɗa ne. Jikinta ya yi mata sakayau, rabon da ta ja numfashi haka tun tana budurwa, amma ba wanda za ta gaya wa. Ita kaɗai take gode wa Allah cikin ɗaki.

Ɗinkin bai gama kamawa ba, Baba Haggai, mijin Leah, ya rasu.

A unguwar nan, in anka yi rasuwa, kowace mace da taɓaryarta take zuwa. Akwai injin niƙa, amma kunun farko na masu zaman makoki da hannu ake daka shi. Dakan shi ne gaisuwar. Ranar da anka kawo gawar mijin Saloma, Leah ta yi daka har tafin hannunta ya yi bororo. Saloma ba ta manta ba.

Ta tsaya tana kallon taɓaryar a bayan ƙofa. Ta ce a ranta, in je da ita kawai a gani, in zauna wurin tankaɗe. Ta cusa tsummokinta, ta ɗauka, ta tafi.

Tana shiga wata ta ce, "Ga mai turmi ta iso, ku ba ta wuri." Mata sunka dare. Leah na zaune bakin ƙofar ɗaki, ido ya kumbura, ta ɗago ta dube ta. Wanga kallo shi ya hana Saloma zuwa wurin tankaɗe. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga taɓarya.

Ba ta yi nisa ba ta ji wani abu ƙarƙashin nonon hagu, awa tsohon zane ya yage. Sai ɗumi ya biyo baya, yana shiga tsummoki. Ta jingine taɓarya jikin rumbu, ta rungume hannu, ta fita. Ba ta ce wa kowa komi ba, ko gaisuwar baki ba ta yi wa mai makoki ba. Leah na kallo har ta wuce zaure.

A gida ta warware. Daidai inda ɗinkin da ya sauko ya gamu da na ƙarƙashi, nan ya buɗe. Ta yi mishi abin da ta sani, abin da anka yi mata lokacin jego: ta dafa ruwa ya tafasa, ta tsoma tsumma tana gasa wurin, ta shafe da man kaɗe. Safe da yamma. Ciwon ya ƙara baki, gefenshi ya yi fari, ya fara wari. Gabriel ya kira waya, ta ce lafiya lau.

Da zazzaɓi ya kama ta, ta hau kabu-kabu zuwa wani ƙaramin asibiti kan hanyar Dabai, inda ba 'yan majami'arsu. Nas ɗin wurin, Beatrice, ta ɗaga rigar, tsummoki sunka zubo ƙasa. Ta dubi tsummoki, ta dubi Saloma.

"Mama, an rage miki kaya, ke kuma kika sake ɗinka wasu?"

Saloma ta sunkuyar da kai.

"Wa ya ce ki gasa?"

"Haka muke yi, ɗiyata."

"Wanga ba jego ba ne. Dafa naman kika yi." Ta wanke, ta cire abin da ya mutu, ta rufe da auduga mai tsabta. "Ba ya sake ɗinkuwa. Sai dai shi ciko da kanshi daga ƙasa, sannu sannu. Za ki riƙa zuwa wanki. Wa ke gare ki a gida?"

"Allah."

"Na sani. Bayan Shi fa?"

Saloma ta duƙa tana tsince tsummokinta.

Damina ta shigo ta same ta tana wagga zirga-zirga. Ta bar zuwa sujada, ta bar zumunta, don ba ta iya cusa tsumma kan ciwo, ba ta kuma iya fita haka. Magana ta zagaya cewa tun da ɗanta ya kai ta birni ta fi ƙarfin turmi, har ta yar da taɓarya a gidan makoki. Matar fasto ta zo sau ɗaya, Saloma ta amsa mata daga cikin ɗaki ta ce mura ce. Leah ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Da yamma in mata sunka fara lugude a maƙwabta, Saloma na zaune kan tabarma tana gane kowace taɓarya da sautinta. Ta Leah ba ta ciki.

Allah mai jinƙai, naman ya ciko. Ya rufe kafin dawa ta nuna. Na dama ya bar zare siriri, na hagu kuwa tabo mai faɗi, mai tudu, baƙi, yana ƙaiƙayi, in hadari ya haɗu shi riƙa ja. Beatrice ta ce yanzu ne lokacin man kaɗe, ta riƙa murzawa a hankali, zai yi laushi, amma ba zai ɓace ba.

Sai ta ji wurin mai kabu-kabu cewa Sandra ta zo ɗaukar uwarta, za ta koma da ita Kanya inda take aure.

Saloma ta sa riga, ba tsumma. Ta bi ta tsakiyar unguwa da rana, mutane na kallo. Ta tarar an ɗaure kaya a tsakar gida. Leah na ɗaki ita kaɗai tana naɗe zannuwa.

"Maman Sandra, na zo gaisuwar Baba."

"Kin yi sammako," in ji Leah, ba ta juyo ba.

Saloma ta tura ƙofa, ta ɗaga riga. "Juyo ki ga abin da ya fitar da ni ranar nan."

Leah ta juyo. Ta daɗe tana kallo. Ta matso, ta sa yatsa ta bi tabon a hankali tun daga farkonshi har ƙarshe.

"Da wanga kika ɗaga taɓarya?"

"Ke kin ɗaga mini."

"Ni da hannu biyu lafiyayyu na ɗaga, wawuya." Ta sauke mata rigar. "Wa ya riƙa ɗebo miki ruwa?"

"Ina ja da bokiti kaɗan kaɗan."

"Ina nan ina fushi, kina can kina ruɓewa. Katanga nawa ce tsakaninmu, Saloma?"

Sunka zauna bakin gado. Leah ta share ido ta sake dubanta ta ce, "To ai kin yi kyau. Yanzu da wa zan yi ba'a?"

Mota ta yi ham a waje. Leah ta sa hannu ƙarƙashin gado ta jawo taɓaryar da Saloma ta bari ranar makoki. Ta shafe ta da mai, ba ta bar ta ta sha ruwan sama ba. Ta ce, "Kar ki ɗauka a kafaɗa. Ja ta."

Haka Saloma ta hau tudu tana jan taɓarya a ƙasa, motar Kanya na sauka ta ɗaya gefen.

Ta koma sujada. Wasu sun yi magana, wasu sun yi shiru, ba ta bi ta kansu ba. Hatsinta inji take kai shi yanzu. In anka yi rasuwa takan ja taɓaryar har gidan, ta miƙa wa wata mai ƙarfi, ita ta zauna wurin tankaɗe. Gefen turmin da Leah ke tsayawa a da, wata ce ke tsayawa.