Kabarin da Aka Haƙa wa Baba a Haɗejiya

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ishaya, malamin gonan da manoman fadamar Haɗejiya suka fi sani da Mai Jan Babur. Duk shekara idan watan nan ya kama, danginsa na can gida a kudancin Kaduna sukan watsa hotonsa a waya, a rubuta a ƙasa cewa ba za a taɓa mantawa da shi ba. Ni kuma na shekara tara ina amsawa da amin, ina haɗiye abin da ke cina. Bana na gaji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi yadda aka yi.

Baba ya zo garin nan yana saurayi, aikin gwamnati ya kawo shi, ya ce shekara biyu zai yi. Ya yi talatin da shida. Babu ƙauyen da babur ɗinsa bai shiga ba tsakanin Miga da Birniwa, yana koya wa mutane dashen shinkafa, su kuma suna koya masa cin kifi har ya fi su iyawa. A gida shi ke tada mu addu'ar safe, da muryar nan tasa da ba ta taɓa dacewa da waƙa ba, amma ba ta fasa ba. Ranar Asabar shi ke sharar coci, ko bayan da furfura ta cika masa kai. Lokacin da ciwon baya ya kama Mama, shi ya riƙa wanke mata kaya yana shanyawa a tsakar gida, maƙwabta na tsokanarsa da mijin-ta-ce, yana dariya yana cewa ai ta faɗa ɗin ne. Aibinsa ɗaya na sani: yana ɗaukar maganar kowa kamar tasa. In ka ce masa to, ya gama, ba zai sake waiwayarka ba.

Akwai yayana Filibus, wanda ƙyanda ta ɗauke yana ɗan shekara huɗu, tun ba a haife ni ba. An binne shi a maƙabartar Kirista da ke bayan gari. Kowace safiyar Ista Baba zai tasa mu gaba da fartanya mu je mu nome wurin, ya tsaya ya yi addu'a, mu dawo.

Da likitocin wani asibiti a Kano suka gano ciwon daji ne a hantarsa, sun so su yi masa kwana-kwana. Ya ce su faɗa masa gaskiya, shi ba yaro ba ne. Suka faɗa. Ya dawo gida ya yi wata biyar yana ƙarewa a gaban idonmu, bai taɓa tambayar Allah dalili ba, ko da yake ni na tambaya a madadinsa sau da yawa.

Wata Lahadi bayan sujada ya sa aka fito da shi gindin darbejiyar tsakar gida. Ya tara mutum huɗu, ni ta biyar: Mama, da ƙaninsa Baba Ayuba wanda ya zo dubiya daga gida, da amininsa Dattijo Markus na ikilisiyarmu, da maƙwabcinmu Malam Habu, manomin shinkafa, Musulmi, wanda katanga ɗaya ta raba mu tun ina rarrafe. Baba ya san al'adar mutanenmu sarai, cewa namiji ko a ina ya mutu gida ake kai shi. Shi ya sa ya tara shaidu. Ya ce, "Kada a sa ni a firjin asibiti, kada a ɗora ni a mota. A nan na yi rayuwata, a nan matata za ta zauna. Ku sa ni kusa da Filibus, ya daɗe shi kaɗai."

Baba Ayuba ya fashe da kuka, ya kama hannunsa ya ce, "Yaya, an gama." Dattijo Markus ya rufe taron da addu'a mai tsawo. Na ga yadda fuskar Baba ta saki a ranar, har ya sha kunu rabin kofi.

Ya cika wata safiyar Talata. Kafin hantsi mazan coci sun tafi maƙabarta, Malam Habu ya bi su da diga da shebur ɗinsa, suka haƙa kabari dab da na Filibus. Sai waya ta zo daga gida, wai a dakata 'yan'uwa su iso su yi masa ganin ƙarshe, kwana ɗaya kawai. Wa zai hana ɗan'uwa ganin ɗan'uwansa? Muka yarda aka kai shi ɗakin ajiyar gawa. Washegari suka iso su shida, da motar ɗaukar gawa a bayansu.

Baba Ayuba, mai kukan nan, shi ya yi jawabi. Ya ce maganar mai ciwo ba a riƙe ta, zafi ne ya sa shi. Ya ce in aka bar babban ɗan gidansu a ƙasar mutane, da wane ido za su dubi kakanni da 'yan gari. Wani ya ƙara da cewa Haɗejiya ruwa ke cinta, wata rana ambaliya za ta tono shi. Mama ta juya ta dubi Dattijo Markus. Shi ne shaida, shi ne aminin shekara talatin, kalma ɗaya daga bakinsa za ta sa fasto da dattawa su tsaya. Ya sunkuyar da kai ya ce gawa ta dangi ce, ikilisiya ba ta shiga maganar cikin gida.

Mutum ɗaya ne ya buɗe baki, shi ne Malam Habu. Suka ce masa da ladabi wannan ba huruminsa ba ne. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Gaskiya ne, ni ba dangi ba ne. Amma kunnena ya ji, kuma za a tambaye ni." Da la'asar shi ya koma ya mayar da ƙasar ramin. Daga baya ya gaya wa Mama cewa tunda yake bai taɓa rufe kabarin da babu kowa a ciki ba sai ranar.

Ni fa? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Shekarata ashirin da shida a lokacin, da digirina, da bakina da kowa ya sani. Aka ce in ɗauko kwat ɗin Baba da za a sa masa, na shiga ɗaki na ɗauko, har na goge. Na gaya wa kaina cewa 'ya mace ba ta ja da baffanninta a ranar makoki. Har yau ban yafe wa hannuna wannan guga ba.

Aka ɗora shi a motar aka kai shi gida. Mako uku ya yi can a firjin da ya roƙa kada a sa shi, ana jiran a ɗinka anko a kafa rumfuna. An yi biki sosai, an yi kiɗa, an yi jawabai a kan cewa shi mutum ne mai cika alkawari. Na zauna ina jin su, ina jin kamar in tashi in kifar da tukwanen.

Ba al'adar nake zagi ba. Mutanen da neman abinci ya warwatsa suna da dalilin son ƙasusuwansu su taru wuri ɗaya, na fahimci wannan. Abin da ya tsaya mini shi ne, me ya hana su faɗa masa yana da rai? Da Baba Ayuba ya ce, Yaya, ba zan iya ba, da sun yi musu, da Baba ya san abin da zai yi. Amma suka bar shi ya mutu da murna a kan ƙarya. Naka shi ke ba da kai.

Da Baba zai leƙo yau, zai ga an yi ambaliya ba sau ɗaya ba, ta ci gonaki ta rusa gidaje, amma ba ta taɓa Filibus ba. Zai ga kabarinsa na gida, wanda aka yi wa wannan faɗa, ciyawa ta rufe shi, domin masu son sa kusa duk suna Kaduna da Abuja. Zai ga Mama sau biyu kacal ta samu zuwa, hanya ta yi nisa kuma ta lalace da tsoro, bayanta kuma ba ya ɗaukar mota. Zai ga Dattijo Markus har yanzu a kujerar gaba, yana gaishe ni yana ce mini 'yata, ina amsawa. Na san Baba da tuni ya yafe musu, ya ma nema musu uzuri. A nan ne ban gado shi ba.

Abin da ya rage nasa ba a kan kabari yake ba. Yana cikin layukan shinkafar da ake dasawa yadda ya koyar, da buhun da Malam Habu ke aiko wa Mama duk kaka ba tare da ya ce komai ba. Sai kuma wani abu da ya bar mini ba da saninsa ba, wato sanin cewa shiru ma cin amana ne.

Mama ta tsufa yanzu. Tuni saƙo ya zo daga gida cewa mace gefen mijinta take kwanciya, sun ma ware mata wuri. Makon jiya ina shafa mata magani a baya ta ce a sa ta kusa da Filibus, tunda ubansa bai samu zuwa ba. Na ce bari in kira fasto da dattawa su shaida. Ta riƙe hannuna ta ce, "Babanki ya tara shaidu. Ni ba na son ko ɗaya, ba na kuma son alkawarinki. Ke dai ki ji."

Na ji, Mama.