Ranar da Aka Kira Yayana Sarkin Noma

Ina koyarwa a wata sakandare a Kankara shekarar da masana suka kawo mana taronsu. Daga jami'o'i suka taru, suka yi ta muhawara a can birni, sannan suka ce ranar ƙarshe za su sauko wurin talakawa. Taken taron da Turanci yake, dogo kamar igiyar guga. Da aka fassara mana sai ya zama wai ilimi duka abu ɗaya ne, kada a raba likita da malamin gona, kada a raba su da masanin tarihi. Ni dai an ce malamai su zo su cika kujeru, na zo na cika tawa.

Abin da ban zata ba shi ne ganin yayana a layin gaba. Manomi ne a wani ƙauye bayan Sheme, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Malamin gona ne ya aika masa ya zo, shi kuma ya ɗauka taki za a raba.

A lokacin kuwa arziki ya riga ya zama abin ɓoyewa a wajenmu, tun da masu satar mutane suka cika dajin Faskari da Sabuwa. Ka tambayi mutum amfanin gona, ko masara ta fasa masa rumbu, zai ce maka, "To, an dai samu na kunu." Yayana ya daina sa shadda ranar Juma'a. Hatsinsa kaɗan-kaɗan yake fitarwa kasuwa, ta hannun wasu. Kowa ya san ɓarayin suna da masu kai musu labari a cikin gari, kuma ba wanda zai iya nuna maka ko ɗaya.

Bayan azahar wani farfesa ya tashi, dattijo mai fara'a, ɗan ƙauye ne shi ma, amma ya daɗe da barin gida. Aka haska hoto a bango. Ina ganin tsamiyar bakin rijiya na gane gonarmu ce. Farfesan ya yi bayani mai daɗi: shanu su ba gona taki, gona ta ba shanu kara, ga amya a kan itatuwa, ga lambu na shan ruwan rijiya. Ya ce abin da suka yi ta faɗa a takarda ke nan, ga shi wani ya aikata. Daga nan ya faɗi yawan shanun. Ya faɗi buhunan da aka ɗauka bara. Ya faɗi sunan ƙauyen, har da kwatance.

"Ina mai gonar?" in ji shi. "Alhaji, miƙe a gan ka. Ni daga yau Sarkin Noma zan riƙa ce maka."

Baƙi suka ɗauki tafi. Mu 'yan ƙasa ba wanda ya motsa hannu. Yayana ya miƙe don ba ya iya ƙin babba, kansa a ƙasa. Wayoyi suka ɗago ta ko'ina suna ɗaukarsa, har da na waɗanda suke leƙe ta taga. Na ji haushi, na rasa wanda zan ji wa. Mutumin bai yi ƙarya ba, kuma karrama yayana ya yi niyya.

Da aka tashi na ja farfesan gefe na gaya masa haɗarin da ya jefa yayana ciki. Fara'ar ta gushe nan take, ya yi ta salati, ya ce zai sa a goge. A goge daga wayar wa?

Na ce zan raka yayana gida. Muka shiga motar Sheme, muka sauka a can. Muna tsaye bakin titi muna jiran mai babur na ƙauyensu, sai wani mutum ya tsaya gabanmu a kan nasa babur, bai kashe ba. Ya gaishe mu da ladabi.

"Sarkin Noma, barka da hanya. Ya shanu?"

Yayana ya amsa, "Lahiya lau." Mutumin ya yi murmushi ya ja babur ya yi yamma.

Na ce, "Yaya, wane ne?"

"Ban san shi ba," in ji shi. "Kuma ba ya wurin taron. Na duba kowa."

Ya daɗe yana kallon hanyar da mutumin ya bi. Sannan yayan nawa, da bai taɓa kwana wani gari da damina ba, ya ce in nemo masa ɗaki kusa da ni, ko na zaure ne.

Na ce, "Masarar fa, Yaya? Saura kaɗan a karya."

"Bar zancen masara," in ji shi. "Mu tahi mu kwaso yara tun da sauran rana."