Littafin Katikis

Lokacin da aka sami 'yancin kai ina ɗinki a kasuwar Bagudo, shekara goma sha biyu ke nan rabona da shiga coci. A wani ƙauye na ƙasar Dahome aka haife ni, tafiyar yini ɗaya a keke in an bi ta Lolo, a can kuma aka yi mini baftisma a ɗarikar Katolika. Ban bar coci don na daina yarda da Allah ba. Littafi ya kore ni. Katikis ɗinmu, wato malamin da ke riƙe da coci in Fada, limamin cocin, ba ya nan, yana da babban littafi mai sunan duk wanda aka yi wa baftisma da shekarunsa. Da Faransawa suka zo neman samari don aikin tilas na hanya, shi ya buɗe musu littafin yana karantawa. Wana yana cikin waɗanda aka kira, bai dawo ba. Ni kuwa na tsallaka iyaka da almakashina.

Mutanen Bagudo sun riƙe ni da mutunci. Maigidan da ya ba ni ɗaki, wani dattijo mai fataucin goro, kan zolaye ni cewa ni jemage ne, ba na masallaci ba na coci. Nakan ce masa ko jemage Allah ke ciyar da shi. Amma a shekarun nan na ga abin da ya ƙara busar mini da zuciya. In talaka ya ƙi katin jam'iyyar masu mulki, sai a ce ya zagi sarauta, 'yan doka su ja shi gaban alƙali, washegari kuma ka ji wani mai wa'azi yana cewa saɓa wa shugaba saɓa wa Allah ne. Na ga wani manomi daga Geza da aka yi wa bulala, rigar da na ɗinka masa ta manne a bayansa. Na ce a raina duk kanwar ja ce, duk inda mai addini ya zauna tabarma ɗaya da mai mulki, talaka ne zai sha.

Ana haka ƙanwata ta aiko cewa innarmu ta kwanta, kuma abu ɗaya take roƙo: in zo bikin Ista in durƙusa kusa da ita mu karɓi jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da Fada ke bayarwa, tare, ko sau ɗaya. Na yi kwana biyu ina juya maganar, har maigidana ya gaji da ni.

"Kai dai tashi ka tai," in ji shi. "Uwa ta kira, mi kaka tsayawa lissahi?"

Gaskiya ina kewar cocin. Ina kewar waƙar mata da safe, da ƙamshin turaren, da yadda inna ke jan carbinta tana gyangyaɗi. Na hau keke da niyyar komawa.

Sai dai ƙa'idar wurin ita ce wanda ya daɗe da barin coci ba ya zuwa gaban Fada ya furta zunubansa sai katikis ya mayar da sunansa cikin littafi, ya ba shi kati. Fada kuwa sau biyu kawai yake zuwa ƙauyenmu a shekara, saboda hanya. Na tarar katikis ɗin nan dai shi ne, ya tsufa, ya ƙara da zama sakataren jam'iyyar gwamnati a ƙauyen. Littafin coci da na jam'iyya suna kan tebur ɗaya, alƙalami ɗaya yake tsoma musu. Ya yi mini maraba da fara'a, ya kira ni ɗansa, ya buɗe shafi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Na ce masa ya dakata, zan yi tunani.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Na yi ta zuba mata hujjoji, na kawo maganar wana, na kawo ta manomin Geza, ita tana saurare. Da na gama ta ce,

"Ni ma sunan ɗana ya karanta a littafin nan. Ba wurin katikis nika zuwa ba."

Na ce mata ta ba ni zuwa kaka, in Fada ya dawo, lokacin zuciyata ta sauka. Ta ce to.

Ran Ista aka ɗauke ta a kujera zuwa gaba. Ni na tsaya a waje gindin mangwaro tare da masu kekuna, ina jin amsoshin addu'a suna motsi a bakina, na datse haƙora. Ina ganin kaina mai gaskiya a ranar, har yau kuma ban ce hujjata ƙarya ce ba. Na tsufa ina auna maganar nan. Duk sa'ad da na yi kamar zan koma, sai in ga wani babban mai addini a kan dandamali yana sa wa azzalumi albarka, in fasa. Amma hujja ba ta taɓa rage mini baƙin cikin ba.

Inna ba ta kai kaka ba. Da damina ta yi tsakiya ta rasu, rafuka sun cika, sai bayan kwana shida labari ya iso ni. Da na je, ƙanwata ta gaya mini cewa ran Ista, bayan an ba inna jibin, idonta bai iya hangen baya ba, sai ta ja hannun ƙanwar tawa ta tambaye ta ko na shigo ciki, ko da a layin ƙarshe ne.

"Na ce mata kana ciki," in ji ƙanwata. "Ta yi ta murna har gida."