Hancin Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin mai gyaran agogo ya yi a ɗan shagonsa, tagarsa tana kallon wani fili mai ciyawa. Hannunsa bai taɓa rawa ba. Hancinsa ne ya ci amanarsa.

Da zarar ciyawar ta yi fure, sai idanunsa su kaɗa su yi jajir, maƙogwaro ya kama ƙaiƙayi, hanci ya dinga ɗiga kamar tsohon famfo. Sai atishawa, bakwai a jere. Notin agogo kuwa bai fi ƙwayar yashi ba. Atishawa ɗaya, kayan cikin agogo sun yi fiffike. Matarsa ta taɓa ciro masa hannun sakan daga cikin gira.

Masu kawo gyara suka janye ɗaya bayan ɗaya. Saura wani tsohon malamin makaranta da agogon aljihun mahaifinsa.

"Wata guda na ba ka," in ji malamin. "Ka ƙara watsa min shi, na ɗauke abina."

A gida mai gyaran ya ce wa matarsa ai mura ce kawai.

"Murar da ta girmi autarmu? Malam, tashi mu je asibiti."

Likita ta ce ba mura ba ce, jikinsa ne ba ya shiri da garin furen ciyawa. Ta ba shi ƙwayar da ba ta sa barci, da maganin fesawa a hanci kullum, ko da atishawa ko babu. Ta ce ya rufe taga, ya riƙa wanke fuska.

Ya fesa sau ɗaya, ya yamutsa fuska. Wannan ai ɓarna ce! Ya kwance kan kwalbar da hantsakinsa, ya daidaita ta har ta koma fitar da ɗigo ɗaya tak, yadda ake ɗiga wa agogo mai. Kwana goma yana atishawa yana yaba aikinsa.

"Baba, me ka yi wa kwalbar nan?" in ji likita da suka koma.

"Gyara, 'yata. Gaggawa ta yi mata yawa."

Likita ta miƙa wa matar sabuwa. "Mama, ke za ki riƙe. Ko kallonta kada ya yi."

Kowace safiya matar ta tallafe masa haɓa, ta fesa, ta kulle kwalbar a durowa. Ranar da wa'adi ya cika, taga a rufe, babu atishawa, mai gyaran ya ɗaura notin ƙarshe, agogo ya ɗauki bugu. Malamin ya kara shi a kunne. Ya ce haka yake jin sa yana ƙarami, in ya kwanta a ƙirjin babansa.