Dodon Alhaji Mamman a Ranar Kasuwa

Ban taɓa mantawa da ranar da muka saki dodo a kasuwar wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kyamara na shiga aljihu, ku saurara.

Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa. Mutum ya samu kwangilar kwalbati ɗaya, sai ya wayi gari da Marsandi. Ni ina mataimakin mai ɗaukar hoto a sashen fim na gwamnati a Kaduna. Aikinmu ɗaukar bikin buɗe rijiya da yadda ake zuba takin zamani, masu majigi su kai ƙauyuka. Fim ɗin wancan zamani a gwangwani yake zuwa, ga tsada, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanko shi daga ƙasar waje. Shi ya sa dokarmu ta farko ita ce: ba ka kunnawa sai an ce kunna, ba ka kashewa sai an ce kashe.

Wata safiya shugaban sashenmu ya kira ni. Na tarar da wani ɗan kwangila mutumin Ƙanƙara, Alhaji Mamman, ya cika kujera da babbar riga. Ashe ya je Ingila sayen injin fasa dutse, ya shiga silima, ya ga Turawa sun biya kuɗinsu suna ta ihu don tsoro. Ya dawo da niyyar yin na Hausa.

"Malam Iro, za ka bi Alhaji da kyamara da Landiroba," in ji shugaba. "A takarda mun sa wayar da kan jama'a."

"Ranka ya daɗe, a kan me za a wayar musu da kai?"

"A kan dodo."

Labari dai babu. Abin da Alhaji ya sani shi ne dodo ya fito, mutane su gudu. Dodon kuwa Tanko ne, wani dogon mahauci mai iyali a Ƙanƙara, wanda Alhaji ya yi wa alkawarin kujerar Makka. Aka ɗinka masa fatun shanu biyu, aka kifa masa ƙwarya a fuska, da ƙahonni, da haƙoran rogo. Warin kaɗai ya isa fim.

Muka fara gwadawa a ƙauyen Mabai, kusa da Ƙanƙara, aka tara jama'a aka ce in dodo ya fito su watse. Matsalar, kowa ya san Tanko. Yana fitowa yana gurnani, wani dattijo ya ce, "Tanko, wanga zafi ba shi damunka?" Tanko kuwa mutum ne mai ladabi. Ya durƙusa da ƙahonninsa ya gaida tsoho, har da tambayar iyali. Mata suka riƙe ciki don dariya.

Alhaji ya fusata. "Ƙauyawa ba su san fim ba! Gobe mu kai shi inda ba a san shi ba, ranar kasuwa, kada a gaya wa kowa."

Na ce, "Alhaji, ko mai gari ne a sanar da shi."

"In an sanar, ina tsoron yake?"

Washegari da rana tsaka, kasuwa ta cika maƙil. Na hau kan Landiroba na kafa kyamara. Alhaji ya ajiye Marsandi ƙarƙashin tsamiya, gilashi a rufe, inji na aiki, hancin mota na kallon titi. Ya danna oda, na kunna, Tanko ya faso daga gonar dawa.

Da farko abin ya yi yadda Alhaji ke so. Jakuna suka tsinke, ƙoren nono suka kife, mutane suka tarwatse. Amma mutumin da ya bar shanunsa a kara, wato kasuwar dabbobi, ba ya gudu da nisa. Makiyaya suka juyo da sanduna, masu itace suka zaro na zarowa, wata tsohuwa da aka zubar wa nono ta zo da muciyar mai tuwo. Tanko na ihu, "Ni ne! Musulmi ne ni!" amma ta cikin ƙwarya sai ya fita kamar sabon gurnani, aka ƙara himma.

Alhaji ya sauke gilashi kaɗan. "Ci gaba da ɗauka! Wannan ya fi na Turawa!"

Sai na hango wani maharbi yana ɗura wa bindigarsa albarushi. Na kashe kyamara, na diro, ina ihu, "Mutum ne! Mutum ne!" Na sha sanda a kafaɗa kafin in fizge ƙwaryar. Ga Tanko kwance, baki na jini, rogo a warwatse.

Tsohuwar ta saki muciya. "Ɗan nan, mi ya kai ka?"

Ya ce, "Makka, Iya."

Na waiwaya wajen tsamiya, babu Marsandi.

Hannun daman Tanko ya karye wuri biyu. Mutanen da suka doke shi su suka ɗauke shi zuwa wurin maɗori, suna ta neman gafararsa. Alhaji kuwa ya aiko direbansa, ba don duba mara lafiya ba, don karɓar fatu da ƙahonni. Ni kuma na koma Kaduna na tarar da takardar tuhuma.

"Alhaji ya ce ka kashe daidai inda fim ya fara daɗi," in ji shugaba. "Wa ya ba ka izini?"

Aka mayar da ni bin motar majigi. Kafin a wanko fim ɗin, Alhaji ya koma harkar siminti, bai ko tambayi gwangwanayen ba. Tanko ya ci gaba da sana'arsa, da hagu yake yanka tsire har ya tsufa.

To, ku sabbin shiga, in an ce ku kunna, ku kunna. Amma kafin nan ku dubi wanda ya ba da umarnin: a ina ya tsaya, kuma ina hancin motarsa ke kallo.