Vasemaca da Gidan Kan Tudu

Duk wanda ya sauka daga jirgin ruwa a Levuka da malafa a ka da kyamara a wuya, kafin ya gama waige-waige Vasemaca ta riga ta tare shi. Gajera ce kakkaura, ba ta rabuwa da wata baƙar lema wadda ba a taɓa ganin ta buɗe ba, nuni kawai take yi da ita. Tun da mijinta ya rasu ta bar aikin kamfanin gwangwanin kifi ta kama wannan sana'a: ta tasa baƙi gaba, ta zaga gari da su a ƙafa, tana ba su labarin gine-ginen da Turawan Ingila suka bari.

Garin namu ba wani girma gare shi ba. Titi ɗaya ne a bakin teku, dutse a baya ya hana shi faɗaɗa, shi ya sa tun tuni aka kwashe gwamnati aka kai Suva, aka bar mu da shagunan katako masu baranda da ƙarnin kifi. Amma in Vasemaca na bayani, sai ka rantse Landan ce ƙanwar Levuka. Takan tsayar da su gaban hasumiyar agogon coci, ta kai su inda sarakunanmu suka sa hannu suka miƙa ƙasa ga Ingila. Wannan kam kowane mai surutu zai iya. Ƙarshen tafiyar ne ba na kowa ba.

Can kan tudu, in ka gama hawan matakalar da ke sa Turawa haki, akwai gidan Tilbury. Wani Bature mai wannan suna, mai fataucin busasshiyar kwakwa, shi ne ya gina shi, ya auri 'yar tsibirin nan. Jikarsa Doris ce kaɗai ta rage a ciki, kowa Bubu yake ce mata, wato kaka, ta tsufa tukuf ga taurin kai. Ta kori masu ɗaukar fim, ta taɓa watsa wa wani mai bincike ruwan wanke-wanke. Vasemaca kaɗai take buɗe wa ƙofa, don ita ta yi jinyarta lokacin da ta karye a ƙugu, ta yi mata wanka da wanki ba ƙyama.

Baƙi sukan zauna a baranda, Bubu Doris ta zuba musu shayin ganyen lemo a kofunan tangaran na kakarta, sannan ta dafa kafaɗar Vasemaca ta ce, "Wannan 'yata ce." Vasemaca ba ta haihu ba, uwarta kuma ta rasu tun tana goye. Maganar nan ta fi mata duk abin da sana'ar ke kawowa, saboda ita take hawan tudun ko gwiwarta na ciwo.

Ana nan sai Unaisi ta yi ritaya daga koyarwa a Suva ta dawo gida. Taubashiyar Vasemaca ce, 'yar kawunta, doguwa mai tabarau, Turanci a bakinta kamar ruwan famfo. Zama ya ishe ta, ita ma ta fara zagawa da baƙi. Vasemaca ko a jikinta. Ta ce wa masu sayar da gwaza a kasuwa, "Ta yi ta yawo da su har ƙafarta ta kumbura. Ƙofar dai a hannuna take."

Wata Asabar da hantsi sai ga Unaisi a gidan Vasemaca da saiwar kava a naɗe, wadda muke jiƙawa mu sha, muke kuma kaiwa in za mu yi roƙo. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma can kusa da ƙofa, ta sunkuyar da kai. Tun kafin ta buɗe baki Vasemaca ta gane roƙo ne ya kawo ta. A wurinmu in ɗan'uwa ya zauna haka ya ce kerekere, roƙo ke nan da ba a mayar da shi. Ko tukunyar da ke kan wuta ya nema, sai ka juye abincin ka ba shi, in ka hana kuwa sunanka ya shiga bakin gari.

"Kerekere, taubashiya," in ji Unaisi. "Ki kai ni wurin Bubu Doris. Baƙina suna ta tambayar gidan."

"Ke da kika ƙoshi da biredin Suva, me za ki yi da gidan da gara ta cinye?"

"To ba ke kika ce ya fi fadar Ingila ba? Ko ƙarya kike shirga wa Turawa?"

"Da ƙafafun nan naki kamar sillen kara, ba za ki kai sama ba."

"Sai ki goya ni, ai kina da wurin goyo."

Suka yi dariya, ta Vasemaca iyakarta haƙora. Ta karɓi saiwar ta tafa hannu kamar yadda aka saba, zuciyarta na tafasa. Abin da ya kwantar mata da hankali ɗaya ne: ta san halin tsohuwar, ta tabbata za a kori Unaisi tun daga bakin matakala.

Ba a kore ta ba. A falon gidan akwai wani tsohon piyano a lulluɓe da zane, Vasemaca ta daɗe tana nuna shi da lema tana cewa a jirgin ruwa aka kawo shi. Unaisi ta nemi izini ta yaye zanen ta zauna. Rabin maɓallan sun shaƙe saboda danshi, amma ta lallaɓa ta fitar da wata waƙar coci. Bubu Doris ta ajiye butar shayi. Ta ce waƙar da uwarta ke kaɗawa ke nan, ta fara rerawa da muryarta mai rawa, hawaye na bin kumatunta. Vasemaca, wadda ta ga tsohuwar nan cikin azabar karaya ba ta zubar da ƙwalla ba, ta tsaya riƙe da tire kamar 'yar aiki.

Daga ranar kishi ya kama ta, irin mai hana abinci wucewa. Bubu ba ta rage mata komai ba, har yanzu tana dafa ta tana cewa 'yata. Sai dai ranar da Unaisi za ta zo, tsohuwar kan sa rigarta mai furanni ta soke fure a gashi. In Vasemaca na ƙasa a titi tana bayanin wani tsohon shago, iska ta kawo mata sautin piyano daga tudu, sai magana ta kwance mata, ta ba wa gini shekarar da ba tasa ba. Ta fara ce wa baƙi, ba wanda ya tambaye ta, akwai masu zaga gari da tabarau waɗanda a littafi kawai suka san shi. Ranar da ta tarar da sabon labule a tagar falon, ɗinkin Unaisi, sai da ta shiga bayan gida ta yi kuka. Ita da ta kwashe kashin tsohuwar nan, wata ta zo da 'yan yatsu ta wuce ta.

Nan ta yi abin da ko tsofaffinmu ba su taɓa jin irinsa ba. Ta sayi saiwar kava, ta je gidan Unaisi, ta zauna kusa da ƙofa ta sunkuyar da kai.

"Kerekere. Ki bar mini gidan Bubu. Kada ki ƙara hawa."

Unaisi ta cire tabarau ta dube ta. "Abin da kika bayar kike roƙo, Vase?"

"Shi nake roƙo."

"Ba baƙi nake kaiwa yanzu ba, kin sani. Kiɗa kawai nake mata."

"Na sani. Shi ɗin nake roƙo."

Babu tsokana a wannan karon. Unaisi ta miƙa hannu ta karɓi saiwar ta tafa. Ita ma ba ta da ikon cewa a'a.

Vasemaca ta fito tana jin kunya da daɗi a haɗe, daɗin ma ya fi yawa. Da jirgi ya sake kawo baƙi, ta zaga da su cikin annashuwa, har da ba'a, ta tasa su suka hau tudun.

Ƙofar a buɗe suka same ta. Bubu Doris na tsaye a baranda da sandarta da jaka da hular zuwa coci. Garin da titinsa ɗaya ne, magana ba ta kwana a hanya, labarin roƙon ya riga ya iso mata.

"Bubu, ina zuwa haka?"

"Wurin Unaisi. An ce tana kaɗa wa mawaƙan coci da yamma."

"Matakalar nan? Tun da kika karye ba ki sauka ba. Ki bari in…"

"Kina da baƙi, Vasemaca." Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. "Gidan kika roƙa, ga shi nan. Na buɗe miki ko'ina, har ɗakin kwanana. Shayi na kan murhu."

Ta kama ƙarfen matakala ta fara sauka, ƙafa ɗaya sannan ɗaya, Turawa na matsawa gefe suna ba ta hanya. Vasemaca ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon hular na yin ƙasa. Wata Baturiya ta taɓa hannunta, ta tambaya cikin ladabi ko tsohuwar nan mahaifiyarta ce.

Vasemaca ta ce, "A'a. Mai gidan ce. Ku shigo, ku cire takalma."